Yadda Jawabin Maigidana Ya Fita Ta Iska

Kwamfuta biyu muke da su a gidanmu na Jega, kuma duk unguwa ta san da haka, don maigidana bai bar wanda bai gaya wa ba. Malamin gona ne. Aikinsa zagaya fadamu yana koya wa mutanen da suka gaji noman albasa tun kakanni yadda ake noman albasa. Amma tun da aka tura shi wani ɗan gajeren kwas na kwamfuta ya dawo da takardar shaida, wadda ya sa a gilashi ya rataye a falo, sai ya fara kallon aikin gona a matsayin abin da yake yi kafin ƙasa ta gane ko shi wane ne.

Ta farko tsohuwa ce, irin mai akwati a ƙarƙashin tebur. In an kunna ta sai ta yi ta gurnani kamar injin markaɗe kafin ta farka. Gilashinta ya lalace tun wata damina da rufi ya yi yoyo a kansa, komai kore yake nunawa. Ta biyu laftof ce sabuwa, siririya, wadda ba a yarda in taɓa ta ba sai na wanke hannu. A kan taga kuma akwai ɗan akwatin wayfai mai kawo intanet, mai ƙifta shuɗin ido.

A cikin tsohuwar akwai hotunan surukina, Allah ya jiƙansa. Maigidana ya ɗauke su da wata kyamara a fadamar tsohon ta Maiyama lokacin cirar albasa, shekarar da ya rasu. Kyamarar ta ɓata, ba a taɓa wanke hotunan ba, kuma ban da ɗan fasfo guda babu wani hotonsa a duniya. Inna, wato surukata, ta taɓa zuwa aka zaunar da ita gaban tsohuwar kwamfuta aka nuna mata. Ta duba, ta kau da kai.

"Kashe abinga," ta ce. "Malam bai taɓa zama kore ba."

To a waccan bazara za a taru a Maiyama a yi wa tsohon addu'a, 'yan'uwa na nesa duk za su zo. Maigidana ya yi alkawarin zai kawo hotunan cikin laftof kowa ya gani da launinsu. Inna ta zo Jega ganin likita saboda gwiwarta, aka shirya za mu koma tare.

Ni malamar firamare ce, kuma a ofishin makarantarmu in ana son abu ya tashi daga wannan kwamfuta ya koma waccan, filas ake sokawa a kwafa a zare. Na faɗa masa haka. Ya dube ni irin duban da yake yi wa manomin da ya zuba taki da tsakar rana.

"Filas na 'yan koyo ne," ya ce. "Shi ka kwaso bairos, cutar kwamfuta. Nan gida ta iska za su tahi."

Daga baya na ji ainihin dalili. Ya riga ya faɗa a majalisarsu ta bakin mai shayi cewa kwamfutocin gidansa suna magana da juna ba tare da igiya ba. Saura kwamfutocin su ji labari.

Ranar Asabar da safe ya fara. Ya tara hotunan cikin folda guda a tsohuwar, ya danna abin da ke ba da izinin a raba, ya taka zuwa laftof da ke kan kujera yana murmushi. Laftof ta ce ba ta ga kowa ba. Ya koma, ya danna, ya dawo. Ba ta ga kowa ba. Ya kashe duka biyun ya kunna. Muka jira tsohuwar ta gama gurnaninta. Har yanzu ba kowa.

Inna na zaune kan tabarma bakin ƙofa, ta miƙe ƙafarta mai ciwo, carbi a hannu. Ɗanta na fari ne, ba ta kiran sunansa, don haka ni take tambaya.

"Mi tac ce?"

"Ta ce ba ta ganin 'yar'uwarta, Inna."

"To ya juya ta mana ta dube ta. Ta ba ta baya, ƙaƙa za ta gane ta?"

Maigidana ya yi dariya ya ce ba haka abin yake aiki ba, ya yi mana bayanin iska da saƙo da lambobi. Da na shiga kicin ɗauko kunu, na leƙo ta taga na gan shi yana juya laftof ɗin a hankali ta fuskanci tebur.

Can wajen hantsi tsohuwar ta bayyana sau ɗaya a gilashin laftof. Ya danna da sauri. Sai aka tambaye shi suna da fasuwod, wato kalmar sirri. Tsohuwar kwamfuta tun da aka saye ta ba a taɓa sa mata fasuwod ba. Ya bar wurin fayau, aka ƙi. Ya sa sunansa, aka ƙi. Ya sa nawa, ya sa na wayfai, ya sa shekarar haihuwarsa ta gaskiya da ta takarda, duk aka ƙi. Ya juyo ya tambaye ni ko na taɓa wani abu. Na ce na goge ƙura a tebur. Ya ce to ga shi nan.

Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Ya tayar da ɗan janareto, hayaƙi ya cika tsakar gida, tsohuwar ta farka ta manta kwanan wata, ta koma wata shekara da ko aure ba mu yi ba. Da ya sake dubawa a laftof, ta ɓace gaba ɗaya. Wajen azahar ya fita bayan ɗaki ya yi waya da murya ƙasa-ƙasa, don kada mu ji wanda yake kira. Mun ji.

Taubashinsa ne, ɗan ƙanwar babansa, mai shagon kwamfuta a Aliero kusa da jami'a. Shi ke buga wa ɗalibai takardun kammala karatu, shi ke sa wa wayoyi fina-finai, kuma a ganinsa ba don shi ba da rabin masu digirin garin ba su fita ba. Tun suna yara ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Ya iso a kan babur da jakar igiyoyi a baya, tun daga zaure yake kira.

"Ina bawana? An ce kwamfuta ta kada kai gaban iyalinka."

"Ba ta kada ni ba. Hannu na biyu nike so."

Ya durƙusa ya gaida Inna, ya ce mini, "Uwargida, a sa tuwo, aikin ga ba shi kai sallar la'asar." Ya zauna, ya ture maigidana daga kujera, ya dubi laftof ya girgiza kai kamar likitan da aka kawo wa mara lafiya a makare. Ya ce akwai abin da sai an sauko da shi daga intanet, kuma wayfai ɗin gidanmu tafiyar jaki yake yi. Sai ya kunna na wayarsa ya haɗa laftof da ita. Ya nemi caja, na ba shi, ya ɗora wayar a kan firij.

Wannan abu da ya yi, ya manta da shi, mu ma ba wanda ya sake tunawa. Daga wannan lokaci laftof tana kan layin wayarsa, tsohuwar tana kan wayfai ɗin gida. Ko duk injiniyoyin jihar aka tara ba za su ga juna ba. Amma mazan nan biyu ba su sani ba, don haka duk abin da suka gyara bai nuna ba, sai su ƙara buɗe wata ƙofa.

Taubashi ya fara da gaya wa tsohuwar cewa a gida take, ba cikin jama'a ba, ta saki jiki. Ba a ga komai ba. Ya ce to fayawol ce, wata katangar tsaro da ke cikin kwamfuta, ya kashe ta. Ba a ga komai ba. Ya kashe maganin bairos. Ya cire tambayar fasuwod gaba ɗaya. Ya je wurin da ake zaɓar wanda aka yarda ya shiga, ya zaɓi kowa da kowa. Maigidana, don kada a ce bai kawo komai ba, ya ce ƙila foldar ce ta yi ƙanƙanta, a buɗe dukan cikin kwamfutar. Taubashi ya ce da ma abin da zai yi ke nan.

"Sa mata suna da za mu gane ta da ta hito," in ji taubashi.

Maigidana ya jawo kibod ya rubuta Ofishin Shugaba.

"Shugaban mi?"

"Shugaban gida mana."

Suka ci tuwo, suka sha fura, suka koma. Gardama ta tashi a kan wanda ya lalata abin tun farko. Taubashi ya ce takardar shaidar da ke bango da ma an ba kowa da ya zauna har aka tashi. Maigidana ya ce mai buga wa yara takarda ba shi da bakin magana gaban ma'aikacin gwamnati. Suka yi la'asar a makare. Inna ta gyara zama ta ce da ni, yadda kowa zai ji, ta ga an haƙa rijiya da shawarar da ba ta kai wannan yawa ba.

Da rana ta yi sanyi taubashi ya tattara igiyoyinsa ya yanke hukunci. Ya ce tsohuwar ta ga zamani, ba ta jin yaren sababbi, a sayar wa masu gwangwan. Ya ɗauki wayarsa daga kan firij, ya karɓi ƙullin yaji da na ba shi ya kai wa matarsa, ya hau babur.

Yana fita lungu laftof ta rasa layin wayarsa ta koma wayfai ɗin gida da kanta. A daidai lokacin maigidana yana durƙushe ƙarƙashin tebur, ya zare wata igiya yana hura mata iska da baki. Ya mayar, ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa, ya dubi laftof. Ga Ofishin Shugaba a zaune.

Bai kira mu ba sai da ya kira Aliero.

"Kana tahiya ta gyaru," ya ce a waya. "Ƙura ce cikin igiya. Abin da ba a koya muku a shago."

Ina jin taubashi ta cikin wayar, iska na kaɗa maganarsa, yana cewa aikin da ya yi ne ya ratsa, gyara kamar magani yake, sai ya ɗan jima a jiki. Har yau kowannensu a kan bakansa yake. Ni kuwa na gane abin da ya faru ne bayan kwanaki, da taubashi ya yi ta ƙorafi cewa datarsa ta ƙare ranar nan bai san abin da ya cinye ta ba.

Hotunan suka wuce cikin ɗan lokaci. Maigidana ya ɗauki laftof ya ajiye a tabarma gaban Inna. Ga tsohon tsaye cikin fadama, farar riga ta sha jar ƙasa, ya riƙe albasa biyu ta ganye yana nuna wa mai ɗauka, yana ɗan ɓata rai don bai son a tsayar da shi daga aiki. Inna ta daina jan carbi. Ta daɗe tana kallo. Ta sa yatsa a gilashin, yatsan da ta gama cin goro da shi, maigidana bai hana ta ba.

"Hulatai ta karkace," ta ce. "Kullum sai na hwaɗa mishi."

Ba wanda ya tuna da rufe ƙofofin da aka buɗe. Kuma maigidana ya ce a bar tsohuwar a kunne muddin akwai wuta, kada a kashe ta ta manta abin da ya koya mata.

Jikin katangarmu akwai shagon wani maƙwabci mai ɗaukar hoto da buga katin biki. Tun da aka sa wayfai maigidana ya ba shi fasuwod, a gaban mutane, don a ga shi ba marowaci ba ne. Washegari mutumin ya kunna kwamfutar shagonsa ya ga wani sabon abu ya fito mai suna Ofishin Shugaba. Ya danna, ba a tambaye shi komai ba. Ya shiga ya yi yawonsa.

Akwai abin da ban sani ba a lokacin. Na san dai wasu ranaku in ina girki maigidana kan sa babbar riga ya shiga ɗaki ya turo ƙofa, sai in jiyo shi yana magana shi kaɗai. Ya ce mini laccar manoma yake maimaitawa. Ashe jawabi yake ɗauka da waya yana adanawa a tsohuwar kwamfuta, cikin folda da ya sa wa suna Takin Zamani don kada kowa ya yi sha'awar buɗewa. Ƙungiyar ci gaban unguwarmu za ta yi zaɓe bayan damina, shi kuma ya ƙudura a ransa zai nemi shugabanci, bai gaya wa kowa ba.

Muka tafi Maiyama. Aka yi addu'a, aka raba waina, laftof ta zaga hannun gwaggonni da kawunnai, wasu suka yi hawaye, maigidana ya yi wa duk wanda ya tsaya bayanin ƙura cikin igiya. A rana ta biyu wayarsa ta fara ƙara ba ƙaƙƙautawa. Sai ƙanwarsa, wadda ke aure a Jega, ta yafito ni bayan ɗaki, tana toshe baki da mayafi. Ta miƙo mini wayarta. Daga guruf ɗin waya na matan unguwarmu abin ya zo mata, asalinsa kuwa daga shagon maƙwabcinmu ya fito.

Ga maigidana cikin babbar rigarsa ta Sallah, tsaye gaban labulen ɗakinmu.

"Ya ku jama'ar unguwa," ya fara. Sai ya tsaya yana kallon bango yana gyaɗa kai. Ya ɗaga hannu biyu. "Ya isa, ya isa. Na gode. Ku zauna."

Daga nan ya shiga zance. Ya ce shugaban da ke kai ya daɗe a kujera har magudanar ruwan unguwa ta tsiro da itatuwa. Ya ce akwai masu zuba shara a kwata da dare su zo sahun gaba da asuba, kuma ya siffanta su yadda ba sai an kira suna ba. Ya ce akwai wani mai shagon hoto da bai taɓa ɗaukar tsintsiya ba, yana zaune a kan wayfai ɗin mutane kamar kaska. Ya bugi ƙirji ya ce in an zaɓe shi, da hannunsa zai shiga kwata ya yashe ta daga masallaci har bakin titi. Ya sake tsayawa don tafi.

A nan sai aka ji wata murya daga nesa, tawa ce.

"Malam, akuya ta shiga falo tana cin takardunka."

Ya juya, cikin muryarsa ta kullum ya ce, "To kore ta mana, ina miting." Ya gyara hannun riga ya dubi bango. "Kamar yadda nike hwaɗi, ya ku jama'a."

Na yi niyyar in ji haushi don mijina ne. Sai na tsinci kaina zaune a kan turmi, ni da ƙanwarsa, kowa na riƙe da ciki don dariya. Kafin mu bar Maiyama har Inna an nuna mata. Ta kalla har ƙarshe, ba ta yi dariya ba. Ta tambaye ni ko akuyar ta ci wani abu mai muhimmanci.

Muka dawo Jega, shi ma ya riga ya gani. Muna shiga lungu, dattawan da ke kan benci suka ɗaga hannu biyu tare suka ce, "Ya isa, ya isa." Ni ma ban tsira ba. A gidan suna, a wurin markaɗe, har a makaranta, sai wata ta matso ta tambaye ni cikin ladabi ko Malam ya fito daga miting.

Ko kaya bai ajiye ba ya nufi shagon maƙwabci. Ina jin su ta katanga.

"Ka shiga gidana ba sallama," in ji maigidana.

"Ni ban shiga gidanka ba, Malam. Gidanka yas shigo shagona. Kuma an rubuta kowa da kowa. Ni ma kowa ne, ko da kaska ce."

Ya dawo ya zare duk wata igiya da ke falo, ya canza fasuwod ɗin wayfai zuwa wani dogon abu da shi kansa ya kasa tunawa washegari. Ya ɗora laifin a kan taubashi da ya buɗe ƙofofi. Taubashi ya ce shi folda guda ya buɗe, wani mai takardar shaida ne ya ce a buɗe duka. Sai laifin ya dawo kaina, don ni na yi magana cikin ɗauka. Ya daina zuwa majalisa. Sallah ma sai ya zaga wani masallaci a wata unguwa.

Ana haka, wata ranar Juma'a da yamma, shugaban ƙungiya da kansa ya yi sallama. Tsohon ma'aikaci ne mai ritaya, mai sanyin murya, irin mutanen da ba a taɓa jin sun yi faɗa ba amma kullum su ke kan kujera. Na shimfiɗa musu tabarma a zaure, na tsaya bayan ƙofa kamar yadda kowace mace mai hankali za ta yi.

Bai zo da fushi ba. Ya ce ya kalli jawabin har sau da yawa, kuma rabonsa da jin magana mai ma'ana irin wannan an daɗe. Ya ce gaskiya ce, magudana ta lalace, shi kuma girma ya kama shi. Don haka kwamiti ya zauna ya ga babu wanda ya dace ya shugabanci aikin yashe kwata sai mutumin da ya nuna kishinta a gaban duniya.

"Shugaba guda, Malam," ya ce. "Ga shebur can mun aje maka."

Babu hanyar ƙi. Alkawarin yana cikin wayar kowa, da sauti da hoto.

Haka ya kwashe ranakun Asabar na damina cikin kwata, wando naɗe har gwiwa, yana fito da ledoji da tsofaffin takalma da abubuwan da ba na son tunawa, tun da ni ke wanke kayan. 'Yan kwamitinsa suna tsaye a sama suna nuna masa inda ya bari. Mai hoto kan fito ya ɗauke shi kyauta. Sau ɗaya taubashi ya zo tun daga Aliero, ya tsaya a bakin kwata ya ba da shawarar a kashe ta a sake kunnawa.

Gaskiya kuma ya yi aikin. Taurin kan da ya hana shi soka filas shi ya kai shi daga masallaci har bakin titi. A shekarar nan ruwa bai shiga zauren kowa ba a layinmu.

Da zaɓe ya zo maigidana bai tsaya ba, ya ce ba ya son a ce don kujera ya yi. Tsohon shugaba ya tashi a taro ya tuna wa jama'a cewa a zamaninsa ne aka yashe magudana, aka sake zaɓensa ba hamayya.

Maigidana ya dawo daga taron ya zauna a tabarma, ya miƙo mini tafin hannunsa da ya yi kanta in shafa masa man kaɗe. Ina shafawa yana yi mini bayani cewa mutanen unguwar nan ba su kai a yi musu shugabanci na zamani ba tukuna. Na ce haka ne, Malam, kawo ɗayan.